Martani: Ciwon Soja Ba Ya Soke Shaidarsa

Na karanta makalar da Malam ya rubuta a wannan shafi game da tsofaffin sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam suka shiga sahun masu adawa da yaƙin. Sau biyu na karanta ta, don kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. Malam mutum ne da nake ganin girmansa, na sha ƙaruwa da alƙalaminsa, kuma na san tausayin soja ne ya sa shi ɗaukar biro. Abin da ya tsaya a kai shi ne, mutumin da yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, wanda ba ya iya barci, wanda bugun ƙofa ke sa shi ya zube ƙasa, ba a kafa hujja da maganarsa. A ganinsa 'yan siyasa da 'yan fim ne suka tsinci waɗannan bayin Allah suka hau da su dandamali, suka sa su zubar da mutuncin 'yan'uwansu da ke bakin daga, har gwiwar ƙasar ta yi sanyi. Ya rufe da cewa wurin irin wannan soja asibiti ne, ba gaban lasifika ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni yin shiru, domin an taɓa aiki da ita, kuma an ga abin da ta haifar.

A watan Satumba na 1969 wata jami'ar kula da walwalar majinyata mai suna Sarah Haley ta kama aiki a asibitin tsofaffin sojoji da ke Boston. Ba ta ko gama sanin ɗakunan wurin ba aka turo mata wani matashi da ya dawo daga Biyetnam, a firgice, ya kasa zama wuri ɗaya. Ya gaya mata cewa rundunarsu ta shiga wani ƙauye ta karkashe mata da yara, kuma abokan aikinsa sun yi masa barazanar kisa in ya kuskura ya buɗe baki. Da ma'aikatan asibitin suka zauna kan lamarinsa, sai ta tarar har an riga an yanke hukunci: taɓin hankali ne, irin wanda mutum ke ganin abin da babu, yana zaton ana farautarsa. Ita kuwa ta yarda da shi. Mahaifinta ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, tun tana yarinya ta ji daga bakinsa abin da maza ke aikatawa a fagen fama. Sunan ƙauyen da matashin ya ambata shi ne My Lai. Bayan wata biyu ɗan jarida Seymour Hersh ya fasa ƙwai, duniya duka ta ji.

Malam, wannan matashi ya je asibitin da ka ce ya je. A can aka rubuta gaskiyarsa a matsayin alamar cuta.

Ga abin da ya faru a ƙauyen. Ran 16 ga Maris, 1968, da sassafe sojojin Amurka suka shiga My Lai, kafin rana ta take sun kashe mutum 504 bisa ƙidayar 'yan Biyetnam, ko 347 bisa ƙidayar rundunar Amurka da kanta. Galibinsu mata ne da ƙananan yara da tsofaffi. Rahoton da aka aika wa manya ya ce an yi nasara, an kashe mayaƙan abokan gaba 128. Hafsoshi masu cikakkiyar lafiya ne suka rubuta shi, wasu masu cikakkiyar lafiya suka sa hannu. To ta ina gaskiya ta ɓullo? Ta wajen Hugh Thompson, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, wanda ya sauke jirginsa tsakanin sojojin ƙasarsa da mutanen ƙauye da ke gudu, ya kuma kai ƙara a ranar, aka danne ta. Ta wajen Ron Ridenhour, ƙaramin soja da bai ma halarci wurin ba, labarin ya ji daga abokansa ya kasa haɗiye shi, a Maris na 1969 ya rubuta wasiƙa zuwa ga 'yan majalisa da manyan gwamnati. Ta wajen Paul Meadlo, wanda ya zauna gaban talabijin ya ce shi da hannunsa ya yi harbi cikin mutanen da aka tara. Mahaifiyarsa ta faɗa wa Hersh cewa ita ɗa nagari ta ba gwamnati, aka dawo mata da mai kisan kai. A ƙarshe mutum ɗaya tal aka samu da laifi, Laftana William Calley. An yanke masa ɗaurin rai da rai a Maris na 1971, Shugaba Nixon ya sa aka fitar da shi daga kurkuku, ya yi kimanin shekara uku da rabi a ɗaurin talala ya kama gabansa. Thompson kuwa wasiƙun zagi da barazana ya yi ta samu, sai a 1998, bayan shekara 30, aka ba shi lambar yabo.

Da an bi ƙa'idar Malam, da har gobe kundin tarihi na cewa mayaƙa 128 aka kashe a My Lai.

Taron da Malam ya fi suka shi ne na Detroit. Daga 31 ga Janairu zuwa 2 ga Fabrairu, 1971, Ƙungiyar Tsofaffin Sojojin Biyetnam Masu Adawa da Yaƙi, wadda wasu tsofaffin sojoji shida suka kafa a Niyu Yok a 1967, ta tara mutanenta fiye da 100 a zauren wani otal. Sun kira zaman Binciken Sojan Hunturu, suna nufin sojan da ba ya gudu idan sanyi ya tsananta. Runduna runduna suka riƙa hawa, kowa ya faɗi sunansa da muƙaminsa da inda ya yi aiki da shekarar. Suka ba da labarin yankunan da aka halatta harbin duk abin da ya motsa, da ƙidayar gawa da manya suka mayar ma'aunin nasara har kowace gawa ta zama ta abokin gaba, da ƙona ƙauyuka, da azabtar da fursunoni, da fyaɗe. Wasu sojojin ruwa suka ce an tsallaka da su cikin ƙasar Lawos a 1969, lokacin da gwamnati ke cewa ba ta da sojan ƙasa a can, kuma jaridar Detroit Free Press ta nemo wasu da suka tabbatar da hakan.

Akwai abin da Malam bai lura da shi ba a wannan zama, kuma mu da muka tashi a ƙasar alƙalai bai kamata ya wuce mu ba. Yawancin mutanen nan ba su ce wane ya yi ba. Cewa suka yi mu muka yi, ni na yi. A gaban alƙali wannan sunansa iƙirari, kuma duk wanda ya taɓa zama a kotu ya san ya fi shaida nauyi, domin mai shaida yana iya samun riba a maganarsa, mai iƙirari kuwa kansa yake tona wa asiri. Me saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai samu idan ya tsaya gaban na'urar ɗaukar hoto, iyayensa da budurwarsa da maƙwabtansa za su gani, ya ce ya cinna wa gidan talaka wuta? Ba a biya su ba. Manyan kafofin labarai ma sun kau da kai daga taron, sai da Sanata Mark Hatfield ya shigar da bayanan cikin kundin Majalisa a watan Afrilu. Kuma mun taso ana karantar da mu cewa ɓoye shaida zunubi ne. Ban ga inda aka ce hukuncin ya faɗi a kan wanda ba ya samun barci ba.

Ba zan ɓoye inda Malam yake da gaskiya ba. Hujjojinsa ba sababbi ba ne, marubuci Guenter Lewy ya kawo irinsu a 1978, wani marubucin, B. G. Burkett, ya sake kawowa a 1998, kuma akwai ƙamshin gaskiya a wasu. Al Hubbard, ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar, ya ce shi kyaftin ne, aka gano saje ne. Littafin da lauya Mark Lane ya fitar a 1970 na hirarraki da sojoji yana ɗauke da labaran ƙarya, ɗan jarida Neil Sheehan ya tona su. Gaskiya ne kuma 'yar fim Jane Fonda ta taimaka wajen tara kuɗin taron Detroit. Gaskiya ne da yawa daga cikin masu shaidar sun ƙi ba masu binciken soja sunayen abokan aikinsu, domin sun ga yadda ake shirin ɗora wa ƙaramin hafsa ɗaya laifin My Lai manya su sha, ba su so a sake maimaita haka da kurata. Wannan ya rage wa maganarsu ƙarfi a idon shari'a, na yarda. Na kuma yarda cewa ƙungiyar ba ta taɓa wakiltar kowa ba: Amurkawa kimanin miliyan 2.7 suka yi aiki a Biyetnam, 'yan ƙungiyar kuwa ko a lokacin da take tashe ba su wuce 'yan dubbai goma-goma ba. Da yawa sun dawo ba su ga irin waɗannan abubuwa ba, kuma suna da haƙƙin jin zafi idan aka yi musu kuɗin goro.

Amma wake ɗaya ba ya ɓata wannan gari, saboda akwai wani mai shaida da Malam ba zai ce masa majinyaci ba, wato rundunar sojan Amurka da kanta. Bayan fallasar My Lai ma'aikatar tsaro ta kafa wani kwamiti a asirce yana tattara duk zargin ta'asa da aka yi wa sojojinta. Takardun, kimanin shafi 9,000, sun yi shekaru a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa ba wanda ya kula da su, sai da wani ɗalibi mai bincike, Nick Turse, ya ci karo da su. A 2006 shi da 'yar jarida Deborah Nelson suka buga abin da ke ciki a Los Angeles Times. Masu binciken soja da kansu sun tabbatar da aukuwar ta'asa 320, ban da My Lai. Sojoji 57 aka gurfanar a kotun soja, 23 aka samu da laifi. Kafin nan, a 2003, jaridar Toledo Blade ta tono labarin wata runduna da ake kira Tiger Force wadda ta yi watanni a 1967 tana kashe fararen hula, soja suka yi shekaru suna bincike, aka rufe fayil ba a gurfanar da kowa ba. Ma'ana, a daidai lokacin da ake ce wa mutanen Detroit maƙaryata a bainar jama'a, akwai akwatuna a ofis cike da irin abin da suka faɗa, da hatimin hukuma a kai.

Yanzu in dawo kan asibiti, domin nan ne nake ganin Malam ya fi yin nisa da abin da ya faru. Yana magana kamar akwai wani asibiti a buɗe yana jiran waɗannan mutane, 'yan zanga-zanga suka tare musu hanya. Babu shi. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke dubawa su sa wa cuta suna, bugunsa na 1952 yana da wani babi na firgicin da bala'i ke jawowa. A bugun 1968, shekarar da yaƙin ya fi muni, aka cire babin. Saboda haka sojan da ya dawo yana zabura cikin dare, yana jin warin gawa a cikin abinci, ba ya iya ɗaukar ɗansa don yana tuna wani yaro, in ya je asibitin gwamnati babu sunan da za a rubuta wa ciwonsa. Sai a ce mashayi ne, ko a ce dama can haka halinsa yake tun kafin ya shiga soja, ko a yi masa abin da aka yi wa majinyacin Haley. In kuwa ciwon ba daga yaƙi ya fito ba, gwamnati ba ta da abin biya.

Su wa suka sauya wannan? Mutanen da Malam ke cewa an yi amfani da su. A ƙarshen 1970 'yan ƙungiyar a Niyu Yok suka lura cewa duk sanda suka gama aikin ofis sai su zauna suna ta zuba, kowa na fitar da abin da bai iya gaya wa matarsa ko mahaifinsa ba. Su suka nemi likitoci, ba likitoci suka neme su ba. Suka gayyaci Robert Jay Lifton, wanda ya yi nazarin waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima, da Chaim Shatan. Suka kafa musu sharaɗi: ku zo ku zauna tare da mu a da'ira ɗaya, a ofishinmu, ba a matsayin likita da majinyaci ba. Daga waɗannan zaman hira ne Shatan ya rubuta makalarsa ta 1972 a New York Times da ta fara sa wa abin suna, Lifton ya fitar da littafinsa a 1973, Haley ta rubuta nata nazarin a 1974 kan abin da ya kamata mai jinya ya yi idan majinyaci ya ba da labarin ta'asa. Suka haɗu da tsofaffin sojoji suka yi ta tattara bayanan ɗaruruwan mutane, suna kai wa kwamitin da ke sabunta littafin, ana korarsu suna komawa. A 1979 Majalisa ta amince a buɗe cibiyoyin ba da shawara ga tsofaffin sojoji a cikin unguwanni, a zamanin da Max Cleland, wanda ya bar ƙafafu biyu da hannu ɗaya a Biyetnam, ke shugabantar hukumar tsofaffin sojoji. A 1980 cutar ta shiga littafin da sunan da duniya ta sani yau, PTSD, wato firgicin da ke bin mutum bayan ya tsallake bala'i.

Duk matar da aka yi wa fyaɗe, duk yaron da ya ga an yanka mahaifinsa, duk wanda ya fito daga hannun masu garkuwa, idan yau likita ya dube shi ya ce ciwonka yana da suna kuma yana da magani, to yana cin albarkacin waɗancan samari masu dogon gashi da tsofaffin rigunan soja. Asibitin da Malam ke tura su, da bakinsu suka gina shi. Kuma abin da likitocin suka gano a zaman shi ne, ga da yawa daga cikinsu ba a raba magana da warkewa. Mutumin da abin da ke cinsa shi ne ya aikata mugun abu bisa umarni, ƙwayar barci ba ta isa ta sauke masa wannan kaya ba. Yana buƙatar ya faɗa, a ji, kuma ya yi wani abu don kada a tura ƙaninsa ya aikata irinsa.

Saura batun ko mai irin wannan ciwo yana ƙara gishiri. An auna wannan ma. Babban binciken da Majalisa ta sa aka yi, wanda ya fito a 1988, ya ce kimanin kashi 30 cikin 100 na mazan da suka yi aiki a Biyetnam sun taɓa fama da cutar, kashi 15 kuma suna cikinta har lokacin. Masu shakka suka ce alƙaluman sun yi yawa. A 2006 Bruce Dohrenwend da abokan aikinsa suka sake bin bayanan da ma'auni mai tsauri, suka sauko da su zuwa wajen kashi 19 da kashi 9. Malam na iya cewa to ka gani. Amma masu binciken sun yi wani abu kuma: sun ɗauki abin da kowane soja ya faɗa suka gwada da takardun rundunarsa, ina ta je, mutum nawa ta rasa. Suka tarar maganar mutanen ta yi daidai da takardu, kuma gwargwadon wutar da mutum ya shiga, gwargwadon ciwon da ya dawo da shi. Jiki magayi. Varnado Simpson, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi harbi a My Lai, ya zauna gaban masu fim a 1989 a gidansa da ya kulle kansa a ciki, ƙafafunsa na karkarwa, kwalaben magani jere a gabansa, ya lissafa abin da ya yi. A 1997 ya kashe kansa. Wannan karkarwa ba ta rage komai daga maganarsa ba, daga abin da ya aikata ta fito.

Dabarar mayar da mai ƙorafi majinyaci ma tsohuwa ce. A Yuli na 1917 hafsan Birtaniya Siegfried Sassoon, mai lambar jarumta, ya rubuta takarda ya ce ba zai koma fagen daga ba domin masu iko suna jan yaƙin da gangan. An karanta ta a Majalisar Birtaniya. Maimakon kotun soja, inda zai sami damar magana, sai aka ce firgicin igwa ne, aka tura shi asibitin Craiglockhart kusa da Edinbara. Likitansa, W. H. R. Rivers, ya duba shi ya ga hankalinsa garau. A yaƙin nan kuma Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu da ragwanci, da yawa a cikinsu ciwon nan ne ke damunsu, sai a 2006 aka yi musu afuwa. Mai lafiya ya yi magana an ce masa majinyaci, majinyaci ya kasa tashi an ce masa matsoraci.

Zargin cin amana da karya gwiwar ƙasa ba zai ɗauke ni dogon lokaci ba, kalanda ta isa. Harin Tet, babban farmakin da abokan gaban Amurka suka kai mata a Biyetnam, ya auku a Janairu na 1968. A ƙarshen Maris na shekarar Shugaba Johnson ya ce ba zai sake tsayawa takara ba. Kafin shekarar ta ƙare fiye da rabin Amurkawa na gaya wa masu jin ra'ayi cewa shiga yaƙin kuskure ne. Nixon ya fara janye sojoji a 1969. Duk wannan kafin Detroit. A Yuni na 1971 da takardun sirrin Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, suka fito, aka ga wata takarda ta 1965 inda John McNaughton, babban jami'i a ma'aikatar tsaro, ya kasa dalilan yaƙin: kashi 70 don kada Amurka ta ji kunya, kashi 10 kacal don mutanen Biyetnam ta Kudu su ji daɗin rayuwa. Ubangidansa Robert McNamara ya jira har 1995 kafin ya amsa cewa sun yi kuskure. Fiye da Amurkawa 20,000 suka mutu a zamanin Nixon kaɗai, bayan manya sun san ba nasara a gaba. Idan ana neman wanda ya ci amanar sojan da ke cikin rami, a nan za a duba. Tambayar da John Kerry, tsohon soja ɗan ƙungiyar, ya yi wa kwamitin Majalisar Dattawa ran 22 ga Afrilu, 1971, ke nan: da wane baki za a ce wa mutum ya zama na ƙarshe da zai mutu saboda kuskure?

Washegari tsofaffin sojoji wajen 800 suka yi layi a gaban ginin Majalisa a Washinton, inda aka kafa shinge don tare su. Wasu a keken guragu, wasu da sanduna. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya matso, ya faɗi sunansa, da yawa suka ambaci sunan abokin da suka baro a can, sannan ya jefa lambar yabonsa ta saman shingen. Duk wanda ya san soja ya san abin da lamba take a wurinsa. Ba a ba mutum kuɗi ko a ruɗe shi ya jefar da abin da ya saya da ƙafarsa. Cewa wasu ne suka juya su kamar raƙumi da akala, raini ne ga mazan da suka ga abin da ni da Malam ba mu gani ba.

In da zan soki wannan yunƙuri, ta wani gefe zan ɓullo masa, gefen da Malam bai taɓa ba. Da tafiya ta yi nisa, ciwon sojan Amurka ya cika fage har ya rufe wanda aka yi wa ɓarnar. An yi fina-finai barkatai kan saurayin da ya dawo ba ya barci, an sassaƙa sunaye fiye da 58,000 a bangon tunawa na Washinton. 'Yan Biyetnam da suka mutu, bisa ƙidayar da gwamnatinsu ta fitar a 1995, sun kai wajen miliyan uku, kuma mutum nawa ne a wajen ƙasar zai iya kawo sunan ko da ɗaya? Wannan ba laifin mutanen Detroit ba ne, su kam maganar waɗanda aka kashe suka je yi. Laifin masu sauraro ne da suka fi son jin kukan nasu. Kuma ɓangaren da ya ci yaƙin bai tsira ba. Bao Ninh, sojan Biyetnam ta Arewa, ya tafi cikin runduna ta matasa 500, su goma suka dawo. Littafin da ya rubuta a farkon shekarun 1990 kan baƙin cikin yaƙi bai yi wa hukumomin ƙasarsa daɗi ba, don ya nuna mayaƙin da ya yi nasara yana kwana da fatalwowi. Ashe ba shan kaye ne ke kawo ciwon ba, kuma ba 'yan zanga-zangar Amurka suka ƙirƙiro shi ba.

Abin da ya sa na damu da makalar Malam har haka shi ne, ba a Amurka za a karanta ta ba, a nan ne. Kakanninmu sun je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Iyayenmu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Yayyenmu sun je Laberiya da Saliyo, ƙannenmu kuma suna dazukan Arewa maso Gabas yau fiye da shekara goma. Kowace 15 ga Janairu a ajiye furanni, a saki tantabaru, a ce mazan jiya. Ba na cewa yaƙoƙin nan ɗaya suke da na Biyetnam, kowane da dalilinsa. Amma kusan kowace unguwa tana da mutumin da ya dawo ya zama wani daban, wanda yara ke tsokana, manya na cewa ƙwaya ce ko iska. Idan wata rana ɗayansu ya tattara ƙarfin halinsa ya ce ga abin da na gani, ga abin da aka sa ni na yi, ba na so amsar da zai samu ta zama wadda Malam ya tanada, a dafa kafaɗarsa a ce Allah ya sawwaƙe, je ka sha magani.

A cikin waɗanda suka yi magana a Detroit akwai Jamie Henry, mai ba da magani a fagen daga. Ya ce ran 8 ga Fabrairu, 1968, rundunarsa ta tara mutum 19 a wani ƙaramin ƙauye, mata da yara har da jarirai, aka buɗe musu wuta. Tun dawowarsa yake faɗa, ya gaya wa hukuma, ya gaya wa 'yan jarida, ya sake faɗa a Detroit. Da ya ga ba abin da ya biyo baya sai ya yi shiru, ya koma ya ci gaba da neman abincinsa, yana zaton ba wanda ya yarda da shi. Bai san cewa masu binciken soja sun yi fiye da shekara uku suna bin mutanen rundunar ɗaya bayan ɗaya ba, kuma da dama sun tabbatar musu da kisan, har suka rubuta a rahotonsu cewa ya auku. Ba a gurfanar da kowa ba, ba a kuma aika wa Henry ko layi ɗaya ba. Sai bayan fiye da shekara 30, da Turse da Nelson suka nemo gidansa suka ajiye masa kwafin fayil ɗin, ya zauna ya karanta bayanan abokan aikinsa, shafi bayan shafi, suna faɗin abin da ya faɗa tun yana saurayi.